Yadda Ake Neman Tallafin Koyon Sana'a Da Na Karatu A Gabashin Sudan, Daki-Daki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta yi yawa, a masallaci ana yi min, a kasuwa ana yi min, wasu ma sai dare ya yi su kira: wai kwasa-kwasan nan da munazzamat, wato kungiyoyin agaji, suke daukar nauyi, na walda da sola da dinki, da kuma minha, wato tallafin karatu na kasashen waje, ta ina ake shiga ne? Wasu iyaye ne suke tambayar wa yaransu, wasu kuma samari ne da 'yan mata da yaki ya taso daga Khartum ko Madani ko Sinja suka sauka Gadarif da Kasala, karatu ya tsaya cak. To gashi na rubuta gaba daya yadda abin yake tafiya, wanda ya karanta don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abu daya nake so ku rike tun daga nan. Yawancin yaranmu da suke rasa wannan dama ba rashin wasta, wato wani babba da zai tsaya musu, bane yake kada su kamar yadda ake ta fada a majalisa, takarda ce. Sanarwa zata fito a bada kwanaki kadan, sai a lokacin yaro zai fara neman rakam watani, wato lambar dan kasa, ko ya tuna ai shahadarsa tana can gidan da aka gudo aka bari, kafin ya hada an rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi yasa zaku ga na dade sosai a matakin takardu.

1. Fara sanin a wane layi kake

Duk wani shirin tallafi an riga an rubuta su wa za a ba, mai bada kudin ne ya rubuta tun daga kasarsu, ma'aikacin da kake gani a ofis bashi da ikon canjawa ko da kanin babanka ne. A nan gabas layi uku ne. Akwai laji', wanda ya tsallako iyaka daga wata kasa, kamar 'yan Iritiriya dake Shagarab da 'yan Habasha dake Um Rakuba da Tunaidba. Akwai nazih, dan kasa da rikici ya raba da garinsa amma yana cikin Sudan, mutanenmu da suka fito daga Damazin da Rusairis a rikicin 2022 da wadanda suka fito bayan 15 ga Afrilu 2023 duk nan suke. Sai kuma dan gari mai masaukin baki. Galibi tsakanin wadannan ake raba kujerun, don haka dan gari kar ya ce ai na baki ne ba ruwana, akwai kasonka a ciki.

Gargadi: kar ka rubuta kanka a layin da ba naka ba don wani ya ce can aka fi dauka. Ana dubawa. Nazih za a tambaye shi inda aka yi masa rajista ko shaidar masu unguwa, laji' za a ce ya kawo kati. In aka ga maganarka bata hadu ba sunan ne kawai za a cire, kuma ka bata wa kanka gaba.

2. Zabi kofar da ta dace da kai

Kofa uku ce kuma kowacce da irin mutumin da take nema.

Ta farko gajeren kwas, galibi wata uku zuwa shida: wayarin, sola, walda, kanikanci, gyaran firij da na'urar sanyi, dinki, sarrafa abinci, gyaran waya. Hukumar GIZ ta Jamus ta yi irin wannan aikin a Kasala da Gadarif, JICA ta Japan ta dade tana tallafa wa cibiyar horon sana'a ta Kasala, akwai kuma hukumomin Majalisar Dinkin Duniya, ILO da UNHCR da UNICEF, a shirin PROSPECTS da Holan take biya. Abinda ya kamata ka gane shine wadannan manyan ba su suke koyarwa da kansu ba, kudin suke kawowa, koyarwar kuma a markaz tadrib mihani, wato cibiyar horon sana'a ta jiha, ake yi ko a hannun wata karamar munazzama ta cikin gida. Tun bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 da masu bada tallafi suka tsayar da bai wa gwamnati kudi kai tsaye, yawancin abin ta hannun hukumomin Majalisar Dinkin Duniya da kungiyoyi yake biyowa. Sannan a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta bada tallafi USAID, kudin tallafi ya ragu ko'ina, kujeru suka yi karanci masu nema suka karu. Ina fadin wannan ne don ka san ba wasa zaka je ba.

Ta biyu talmaza sina'iyya, wato dogon koyon sana'a a cibiya, shekara uku, karkashin majalisar koli ta horon sana'a, ana gamawa da difloma. Wannan ta yaro ce mai kananan shekaru da ya gama asas ko mutawassit, wato matakan da suke kafin sakandare. In kana da da dan shekara sha biyar sha shida kuma ka ga hannunsa yana son karfe, ni dai wannan zan baka shawara, ta fi gajeren kwas nisa ba kusa ba, don wata uku bata mayar da mutum usta, wato gwanin sana'a.

Ta uku minha, ga wanda yake da shahada sudaniyya, wato ta gama sakandare, ko abinda ya fi ta. Ga wadanda suka fi shafarmu:

Bankin Raya Kasashen Musulmi dake Jidda, tare da asusunsa na yaki da talauci, yana da minhar koyon sana'a da digirin farko ga 'yan kasashe membobi marasa karfi, Sudan da Nijar da Chadi suna ciki, kuma kar shekarunka su wuce 24. Minhar gwamnatin Turkiyya a 'yan shekarun nan daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu ake budewa, digirin farko sai wanda bai kai shekara 21 ba, maki daga kashi 70, fannin likitanci kashi 90, kuma shekarar farko ta koyon Turkanci ce. Saudiyya tana da dandalin Udrus fis Sa'udiyya, digirin farko daga shekara 17 zuwa 25, akwai minha kharijiyya ga wanda yake waje, akwai dakhiliyya ga wanda yake zaune can da ikama mai rai, to masu 'yan uwa a Makka da Jidda ku sanar dasu. Sai DAFI, minhar karatun gaba da sakandare wadda Jamus ta kafa tun 1992 UNHCR take gudanarwa.

Gargadi akan DAFI: ta laji' ce kawai. In kai dan Sudan ne kana zaune Kasala ko Bur Sudan ba taka bace, sai dai wanda ya tsallaka Chadi ko Masar ko Yuganda ko Habasha ya yi rajista a can. Na ga yara suna bata kudin intanet suna cike ta alhali tun layin farko an fitar dasu.

3. Hada takardu tun ba a nema ba

Nan ne aikin yake. Ka samu fayil din roba mai zif, duk abinda ka samu ka saka, ka bi wannan jerin don wata takardar sai da wata ake samunta.

Rakam watani shine farko, babu abinda yake motsi sai da shi, ko asusun Bankak, manhajar Bankin Khartum, da za a rika turo maka kudin mota. Ba boyayyen abu bane cewa mutanenmu Hausawa ana yawan tsaurara musu tambaya a wajen nan fiye da wasu, don haka kar ka je kai kadai hannu biyu. Ka tafi da babanka da rakam dinsa, in baya raye ko baya kusa ka tafi da baffanka ko wanka uba daya, dangin uba ake nema a shaida ba na uwa ba. Ka rike takardar haihuwa, ka rike takardar shehun unguwa ko umda in kana da ita. In an ce ka dawo, ka tambaya a fili wace takarda ce ta rage, ka rubuta, ka koma da ita. Mata musamman, don Allah iyaye ku fitar wa 'ya'yanku mata rakam kamar yadda kuke fitar wa maza, kujerun mata ne ake yawan rasa wanda zai cike saboda wannan.

Sai takardar haihuwa, ko tasnin, wato takardar kiyasin shekaru, ga wanda bashi da ita. Mai tasnin ya duba da kyau wace shekara aka rubuta masa, don ita ce shekarunsa a wajen duk wani mai bada tallafi, ba wadda inna ta fada ba.

Sai shahadar makaranta. In ta bata a gudun hijira ana fitar da badal fakid, wato madadin wadda ta bata, amma zaka saukaka wa kanka sosai in kana tuna rakam julus dinka, wato lambarka ta jarrabawa, da shekarar da ka zauna jarrabawa da sunan makaranta. In baka tuna ba ka nemi abokan ajinka, lambobin a jere suke tafiya, ko ka binciki tsohuwar waya da tsofaffin sakonnin WhatsApp ko ka taba tura wa wani hotonta. 'Yan ajin 2023 da sai karshen Disamba 2024 suka samu zama jarrabawa, ku lura yaki ya cinye muku kusan shekara biyu, wanda yake kusa da 21 ko 24 ya duba iyakar shekaru kafin komai, ya fara da minhar da zata riga kubce masa.

Sai shahadar sakan, wato shaidar inda kake zaune, daga lajnar unguwa, wato kwamitin unguwa, da hoton fasfo mai farin baya, ka wanke da dan yawa.

Mai neman gajeren kwas nan ya tsaya, ya isa. Mai neman minha kuma da sauransa: jawaz, wato fasfo, da tausik, wato buga hatimin tabbatar da shahada. Jawaz ka duba ranar mutuwarsa, in saura kasa da shekara ka fara shirin sabuntawa. Tausik kuma a jere yake, ma'aikatar ilimi ta fara buga hatimi, sannan ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin kasar in sun bukata. In ka tsallake daya na gaba zai mayar da kai. Lokacin fitar da shahada ka nemi ta Turanci ma, Turkiyya da sauran wurare zasu nema, Saudiyya kam Larabci ya isa.

Gargadi, kuma wannan shine wanda ya fi kada mutane: sunanka ya zama iri daya a ko'ina. Sunan nan hudu, naka da na uba da kaka da uban kaka. A ce jawaz ya rubuta Osman, shahada ta rubuta Othman, kai kuma a fom ka rubuta Usman kamar yadda ka saba, wanda yake duba fayil a Jidda ko Ankara mutum uku yake gani. Yadda aka rubuta a jawaz, harafi da harafi, haka zaka rubuta a duk inda aka ce rubuta suna ko da ba haka kake so ba. In shahada ce ta saba da jawaz ka gyara tun yanzu, gyaran yana cin lokaci.

Maganar kudi: neman kansa kyauta ne, amma takardu ba kyauta bane. Kudin yana tafiya ne a kudin jawaz wanda shine mafi nauyi, tausik, hoto da kwafi, kudin mota zuwa ofisoshi wani lokaci har da kwana a wani gari, da kudin intanet. Jinai, kudin Sudan, yana faduwa kullum, don haka ka tambayi farashi a tagar ofishin a ranar, ka biya a inda ake bada isal, wato rasit, ka ajiye isal din. In minhar tana son jarrabawar Turanci, IELTS ta haura dala 200, ta Duolingo bata kai dala 100 ba kuma a gida ake yi da kwamfuta, amma ba kowa yake karbarta ba, kar ka biya ko daya sai ka ga an rubuta ana bukata.

4. Gyara wayarka

Ka bude Gmail da sunanka na gaskiya, ba sunan wasa ba, ka rubuta fasuwod a takarda ka saka cikin fayil din nan. Kar ka bari mai shagon intanet ya bude maka da lambarsa ko imel dinsa, don ranar da amsa zata zo shi zata je wa.

Kowace takarda ka dauke ta da manhajar sikan a wuri mai haske, a shimfide, kusurwa hudu suna fitowa, gaba da baya saboda hatiman tausik a baya suke. Ka mayar PDF, ka sa wa kowacce suna, ka tura wa kanka a imel ka kuma tura wa wani dan uwa da yake wani gari. Waya tana bata, ana kwacewa, tana fadawa ruwa.

Lamba biyu zaka rika bayarwa a layi daban-daban, in taka Zain ce ta biyun ta zama Sudani ko MTN, kuma mai lamba ta biyun ya san da maganar. Duk mun ga yadda shabaka, wato layin waya da intanet, ta dauke a Fabrairun 2024. Munazzama in ta kira sau biyu bata samu ba na bayanka zata kira.

5. Inda ake jin sanarwa, da yadda zaka gane ta karya

Gajeren kwas ba kasafai ake tallarsa da karfi ba. Ka rika lekawa allon sanarwa na markaz din tadrib da kafarka, ka gaisa da mai rajista ka ce a rubuta sunanka a littafin masu jira. Ka sanar da lajnar unguwa da shehu da masu kula da wurin saukar nazihin cewa kana nema, sau da yawa su ake cewa su kawo sunaye. Ka bi shafukan Facebook na hukumomin, na ainihi. Minha kuma a shafin intanet na mai bayarwa kadai ake cikewa.

Yanzu ga simsar, wato dillalin karya. Zai zo maka da fom mai tambarin UNICEF ko na banki, ya ce kujera biyu ta rage, ka turo kaza ta Bankak a rike maka. Wallahi karya ne. Babu wata hukuma cikin wadanda na ambata da take sayar da fom ko kujera. Duk wanda ya nemi kudin rajista, ko lambar sirri ta Bankak, ko lambar nan da ake turowa ta sako, barawo ne ko da ya san sunan kakanka. In karamar munazzama ce baka santa ba ka tambaya ko tana da rajista da mufawwadiyar aun insani, hukumar gwamnati mai yi wa kungiyoyin agaji rajista, ka tambayi ina ofishinta ka je ka gani da ido.

'Yar uwa, ke kuma ki ji wannan. Duk ma'aikaci ko dan lajna da ya ce ki same shi ke kadai a wani wuri don ya sa sunanki, ko ya fara miki maganar da bata dace ba, ya karya dokar aikinsa ne kuma korarsa ake yi akai. Kowace munazzama dole tana da akwatin korafi ko lambar kira. Ki fada wa wata babba da kika yarda da ita ku kai kara, kujerarki bata hannunsa.

6. Zabi sana'ar da garinka yake saye

A nan ina da ra'ayi kuma zan fada. Yara da yawa suna zabar kwas ne don an ce kudin motarsa ya fi yawa, ko don abokai can suka shiga, sai a gama unguwa daya ta fitar da masu gyaran waya goma. Kafin ka zaba ka dauki yini guda ka zaga mantika sina'iyya, wato unguwar masu sana'o'in hannu, da kasuwa, ka tambayi ustoci uku hudu wane aiki ne yake zuwa suna rasa mai yi.

Gadarif garin noman ridi da dawa ne da tarakta, mai gyaran injin dizal da walda baya zama daga shirin damina har girbi. Kasala da lambunan sawagi a bakin kogin Gash, da Halfa Jadida, can injin ban ruwa ne da famfon sola, tunda man fetur da wuta suka zama abinda suka zama kowa sola yake nema, kuma wanda ya iya lissafin fanel da batir da inbata da gaske, ba mai hada waya da ka ba, yana da daraja. Bur Sudan zafi da tashar jirgi, gyaran sanyi da wayarin da walda. Raksha kuwa ko'ina tana lalacewa. Mata kar a tsaya a dinki kadai in kasuwar ta cika, akwai sarrafa gyada da ridi, busar da kayan miya, sabulu, kuma na ga 'yan mata a ajin sola da gyaran waya suna fin maza natsuwa. Wanda gidansu suka gaji gashin agashe ko kamun kifi, kwas din tsaftar abinci da adana kifi da lissafin ciniki zai fi masa amfani akan ya fara sabuwar sana'a daga sifiri.

7. Cike fom

Na gajeren kwas ko takarda ce ko a kwamfutar hannu ma'aikaci zai cike yana tambayarka. Ka amsa gaskiya akan yawan mutanen gida, wa yake ciyarwa, akwai maraya ko mai nakasa, don da wadannan ake auna wa ya fi bukata. Kar ka kara kar ka rage.

Na minha kuma kar ka bari sai daren karshe, shafi yana cushewa shabaka tana yankewa. Ka rubuta amsoshinka a waje tukuna sannan ka kwafa ciki. Wajen da ake cewa me yasa kake son wannan karatu, nan ne ake bambanta mutane. Kowa yana rubuta ina son in taimaki kasata. Kai ka fadi abinda ka gani: a kauyenmu famfon sola na rijiya ya lalace aka yi watanni ana jiran mai gyara daga cikin gari, mata suna tafiya nesa dibar ruwa, ina so in koyi wannan aikin in dawo in rike rijiyoyin yankinmu. Gajere, naka, kuma gaskiya. Kar ka kwafi wasikar wani, masu dubawa sun ga irinta dari.

Gargadi: bayan ka danna turawa ka tabbata sakon shaida ya shigo imel, ka dauki hoton lambar nemanka. Fom din da aka ajiye ba a tura ba daidai yake da ba a cike ba.

8. Mukabala, wato ganawar tantancewa

Ka je da wuri da asalin takardu da kwafi. Tambayoyin kusan sanannu ne: me yasa wannan sana'a, ka taba rike kayan aiki, wa zai rike gida lokacin da kake aji, me zaka yi bayan an gama. Abinda suke tsoro shine mutum ya fara ya gudu a tsakiya, musamman in lokacin girbi ya shigo, don haka ka zo da amsar wannan a shirye, ka ce na yi magana da Baba, kanina zai rike gona. In ka riga ka samu ustan da ya yarda zai karbe ka bayan kwas ka fadi sunan warsharsa, wato wurin aikinsa, wannan yana daga mutum sosai. Ta minha in ta bidiyo ce ka nemi wuri mai Starlink ko shabaka mai karfi tun jajibiri, ka gwada sauti, ka tabbatar da agogon kasarsu da namu.

9. Cikin kwas

Ranar farko ka tambayi abu hudu kuma ka rubuta amsa: wa zai sa hannu a shahada, fashi nawa ne yake hana samunta, akwai kudin mota kuma yaushe ake biya, akwai kayan aiki a karshe ko babu. Ba kowane kwas yake bada kaya ba, gara ka sani tun farko. Shahadar da take da hatimin hukumar horon sana'a ta fi wadda tambarin munazzama kadai ke kai, don munazzama tana gama shirinta ta tafi.

Kudin mota yakan makara, kar ka daina zuwa saboda shi. Ka sa hannu a takardar halarta da kanka kullum. A wajen aikin hannu ka matsa gaba ka rike filaya da mita da hannunka, kar ka tsaya baya kana kallo, in kayan sun yi kadan ku raba lokaci. Mai walda ya sa gilashinsa ko da na minti daya ne, ido baya da sifiya.

10. Bayan an gama

Akwatin kayan aiki in an baka, a kofar markaz din ma zaka samu mai cewa ka sayar masa. Kar ka sayar. Rabin kudi zai baka, kudin ya kare a sati, kuma ana bibiya bayan wasu watanni a ga wa yake aiki, daga cikin masu aikin ake zabar wadanda za a kara wa jari ko horo na gaba. Ka kirga kayan a gaban mai bayarwa kafin ka sa hannu.

Daga nan ka shiga warsha karkashin usta ko da ladan kadan ne, a kalla wata shida, nan ne hannu yake fadawa. In ku uku hudu ne daga aji daya ku hada kaya ku kama rumfa daya, ku rubuta na wane ne wane tun ranar farko a gaban babba. Duk aikin da ka yi ka dauki hotonsa kafin da bayan.

Wanda ya dade yana sana'a a hannun usta bashi da takarda ko daya, ba sai ya shiga kwas daga farko ba, cibiyoyin tadrib suna yin gwajin kwarewa su baka shahada gwargwadon matakinka, ka je ka tambayi ranar da ake yi. Mai niyyar Saudiyya kuma ya sani tun 2021 suna da fahas mihani ga masu wayarin da aikin famfo da sanyi da walda da kanikanci, gwaji ne na rubutu da na hannu, don haka ka yi wa shahadarka tausik kafin ka tashi, ka kuma tabbata sana'ar da aka rubuta a bizarka ita ce wadda ka iya.

11. In sunanka bai fito ba

Ka koma ofishin cikin ladabi ka tambaya ko kana jerin masu jira, don a satin farko akwai wadanda basa zuwa kuma daga jerin ake cikewa, wanda yake kusa kuma wayarsa a bude shi ake kira. Ka tambayi yaushe daf'a ta gaba, wato rukunin da za a sake dauka. In minha ce ka duba me ya rage maka, shekaru ne, maki ne, ko wata takarda ce bata fita da kyau ba, ka gyara ka nemi biyu uku a zagaye na gaba maimakon daya. Shahadar sakan da hoto suna tsufa, ka sabunta su duk bayan 'yan watanni, sauran kuma su zauna a fayil da imel yadda ka ajiye su.